Zan iya komawa karatun Sanskirit da girmana?

Tambaya: Anti barka da aiki, a Indiya na yi sakandare lokacin Baba na aiki can, mun ɗan taɓa Sanskirit, tsohon harshen nan na Indiya, yanzu ina Unguwar Rimi da yara, wallahi duk ya gudu, zai yiwu in koma kuwa?

Amsa: Sosai ma 'yar'uwa. Fara da haruffan Debanagari tukuna, irin na Hindi ne, in hannu ya saba sai ki shiga sunaye, kowanne na da tilo da na biyu da jam'i, kamar musanna na Larabcin Islamiyya. Sandi ne mai cin rai, wato haɗewar sautin ƙarshen kalma da farkon mai bi mata, bi shi a hankali. Nahawun Panini kuwa, wato tsohon malamin da ya tsara ƙa'idojin harshen, bari sai can gaba. Ƙungiyar Samskrita Bharati na koyarwa ta intanet, ki leƙa in yara sun yi barci.