Me ya sa FM ɗin Kaduna ke yankewa kafin Zariya, amma BBC na shigowa tar?

Tambaya: Assalamu alaikum injiniya. Ni ɗan kasuwa ne a Sabon Gari, kusan kullum ina bisa hanyar Kaduna. In na kamo FM a mota sai ta riƙa shuuu tana yankewa tun kafin mu iso Zariya, amma tsohuwar rediyon babanmu tana kama BBC kamar a tsakar gida suke magana. Ta yaya na Landan zai fi na Kaduna ƙarfi?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Gaskiya ba wai sun fi ƙarfi ba ne kawai, hanyar da kowanne ke bi ya iso kunnenka ce ta bambanta.

Mai gabatarwa yana magana a makirfo, muryar ta zama ɗan siginal na lantarki mai rauni, ta bi ta mikisa, wato na'urar daidaita sauti, daga nan a tura ta wurin taransimita. Kuma ba dole situdiyo da taransimita su zauna wuri ɗaya ba, ka ga Rediyon Najeriya Kaduna da aka kafa a 1962 zamanin Sardauna, situdiyonsu na cikin garin Kaduna amma manyan injinan watsawar a Jaji aka girke su, nan kan hanyar da kake bi. Aikin taransimita shi ne ta ƙirƙiro igiyar rediyo, wato siginal mai ratsa iska, mai gudu a wata lamba tsayayya, ta ɗora muryar a kai kamar yadda ake loda wa tirela kaya, ta ƙara mata ƙarfi sannan ta miƙa wa eriya. A AM girman igiyar ne ke hawa da sauka da murya, a FM kuwa saurin kaɗawarta ake ɗan motsawa, shi ya sa walƙiyar damina ke sa AM ƙarar ƙas-ƙas amma FM ko a jikinta.

To matsalar FM, wadda lambobinta a jikin rediyo ke tsakanin 87.5 zuwa 108, ita ce miƙe take tafiya, ba ta bin lanƙwasar ƙasa. Eriyar da aka ɗora kan ƙarfe mai tsawon mita 100 iyakar abin da take "hangowa" kusan kilomita 40 ne, ta ɗan wuce haka in injin na da ƙarfi, alhali Kaduna zuwa Zariya wajen kilomita 80 ne. Ka ga dole ta fara shuuu a hanya. Ko a cikin Zariya ma wanda dutse irin Kufena ya shiga tsakaninsa da tasha zai ji ta raunana. Ni a ganina masu gidajen FM da yawa suna ɓarnar kuɗi wajen sayen babban inji mai shan dizal, da tsawon eriya suka ƙara da ya fi musu riba.

Gajeren zango kuma, wanda rediyon babanku ke kama BBC a kai, sama yake nufa. Can sama da kilomita 100 akwai wani sashe na iska da hasken rana ke cajawa, igiyar ta doke shi ta dawo ƙasa a nisan dubban kilomita. Kuma ba lallai daga Landan take taso maka ba, BBC na da tashar watsawa a tsibirin Ascension cikin tekun Atlantika da ke haskawa Afirka ta Yamma. Tunda rana ce ke juya wannan sashe, mitar da ta yi kyau da azahar ba ita za ta yi da asuba ba, dalilin da ya sa ake sanar da mita 16 ko 19 da rana, 41 ko 49 da duhu, kuma shi ya sa muryar ke tafiya ta dawo, baba ya yi ta murɗa.

Matsakaicin zango, wanda aka fi sani da AM a jikin rediyo, shi ƙasa yake bi yana lanƙwasawa da ita. Igiyar lamba 594 ta Rediyon Najeriya Kaduna tsawonta ya haura mita 500, ta FM kusan mita 3 ce kacal, don haka a matsakaicin zango dogon ƙarfen gaba ɗayansa ne eriyar, ga wayoyin tagulla an binne a ƙasa kewaye da shi, kuma wallahi ba a taɓa shi in ana watsa shiri, ƙona mutum yake. Da dare shi ma yana dawowa daga sama, sai ka ji tashoshin wasu ƙasashe sun cika rediyo.

Kada ka ce me zai hana su ƙara wuta kawai, hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin ta NBC da aka kafa a 1992 ita ke yanka wa kowace tasha lambarta da ƙarfinta don kada su hau kan juna. Abin da ke hannunka shi ne motarka. Ka sa lantirishan ya duba eriyar ko ta yi tsatsa ko wayarta ta saki, sannan ka zare cajar wayar nan mai arha ka ji, sau da yawa ita ke ƙara shuuu ɗin. In kun wuce Jaji ta fara yankewa, ka koma tashar da ke nan Zariya ko ka juya AM.