Na saya wa abokina fenti, yanzu ya ce Yasukuni zai je ya fesa

Tambaya: Barista, ni ɗalibi ne a Tokyo. Wani abokin karatuna, shi ma baƙo, ya roƙe ni na saya masa gwangwanin fenti na feshi guda biyu, na biya da katina. Daga baya ya faɗa mini wai rubutu zai yi a jikin wani dutse a wurin bautar Yasukuni don nuna fushinsa, kuma yana so in riƙe masa waya in ɗauki bidiyo. Ya ce washegari zai hau jirgi ya koma ƙasarsu, ni kuwa babu abin da zai same ni tunda ba ni zan fesa ba, kuma iyaka abin da ake yi wa baƙo shi ne a kore shi. Ban amsa masa ba tukuna. Mene ne matsayina?

Amsa: Ƙanena, cikin maganar abokinka abu ɗaya ne kawai gaskiya: shi yana iya tsira. Kai ne ba za ka tsira ba.

An riga an yi irin wannan. A daren 31 ga Mayu 2024 wani ɗan ƙasar Sin ya fesa jan fenti a jikin ginshiƙin dutsen da ke ɗauke da sunan Yasukuni, ya rubuta kalmar da ke nufin bayan gida, wani ya ɗauke shi bidiyo, suka bar Japan kafin 'yan sanda su kai kansu. An fitar da sammacin kama su, to amma babu yarjejeniyar miƙa masu laifi tsakanin Japan da Sin, don ƙasashe biyu kacal Japan ke da ita da su, Amurka da Koriya ta Kudu. Wanda ya shiga hannu shi ne na ukunsu, mazaunin Saitama, wanda ya sayo fentin. A Disamba 2024 kotun gunduma ta Tokyo ta ɗaure shi wata 8, ɗauri na gaske, ba wanda ake jinginewa mutum ya koma gida ba, kuma an ƙiyasta ɓarnar da fiye da yen (kuɗin Japan) miliyan 4. Dubi inda wannan mutumin ya tsaya, ka dubi inda abokinka yake so ya tsayar da kai.

Fushin abokinka yana da tushe. An gina Yasukuni a 1869 don tunawa da waɗanda suka mutu a yaƙoƙin Japan, mutum wajen miliyan 2 da rabi, sai a 1978 aka shigar da sunayen mutum 14 daga cikin manyan waɗanda aka tuhuma da laifukan yaƙi, har da Hideki Tojo, firaministan lokacin yaƙin. Shi ya sa duk ranar da wani shugaban Japan ya kai ziyara sai Beijin da Seul sun yi tir. Amma alƙali ba tarihi zai yi wa shari'a ba. A idon doka wurin mallakar wata ƙungiyar addini ce mai zaman kanta, kuma dutsen dukiyarta ce.

Tuhuma uku ke jiran mai irin wannan aiki a dokar laifuka ta Japan. Sashe na 261, lalata dukiyar wani, ɗaurin da zai iya kaiwa shekara 3 ko tarar da ba ta wuce yen 300,000 ba. Sashe na 188, wulaƙanta wurin ibada a bainar jama'a, wata 6 ko yen 100,000. Sai sashe na 130, shiga harabar wani ba bisa dalili na halal ba, shekara 3 ko yen 100,000. Kada ka ce ai ƙofa a buɗe take ga kowa. Wanda ya shiga da niyyar ɓarna kotu na ɗaukarsa a matsayin mai kutse. Da wannan sashe aka kama wasu 'yan Hong Kong biyu a Disamba 2018, ɗaya ya ƙona allo mai sunan Tojo a harabar, ɗayar kuwa bidiyo kawai ta ɗauka. Su biyun duka aka samu da laifi, bayan sun shafe watanni a tsare.

Batun "ba ni na fesa ba" kuwa, sashe na 60 ya kashe shi: waɗanda suka haɗa kai suka aikata laifi, dukkansu masu laifi ne kai tsaye. Ko da an sassauta an ce taimako kawai ka yi, sashe na 62 ya kama ka. A ɓangaren diyya ma, dokar farar hula ta ba wa mai dukiya damar ya bi kowane ɗaya daga cikinku ya karɓi kuɗin gyara gaba ɗaya. Wa za a bi, wanda ke can gidansu ko wanda adireshinsa ke rubuce a katin zama?

Maganar kora ita ce ta fi damuna, domin abokinka ya juya ta. Ba kora ake yi a madadin hukunci ba, sai an gama hukunci ake zancenta. Ɗaurin da ya haura shekara ɗaya dalili ne na tasa ƙeyar baƙo. Ga mai izinin karatu ko na aiki kuma akwai wani tarko da mutane ba su cika sani ba: kutse na cikin laifukan da ko ɗaurin da aka jingine aka yanke maka, ya isa a soma shirin fitar da kai. Ko ba a kai nan ba, hukumar shige da fice tana duba halin mutum lokacin sabunta izinin zama. Wato digirin da iyayenka ke jira ne ka ajiye a kan tebur saboda rigimar da ba ta ƙasarku ba.

To, ga abin da zai kwantar maka da hankali. Zuwa yau ba ka yi laifi ba. Sayen fenti halal ne, ba ka san manufarsa ba lokacin da ka saya, kuma dokar Japan ba ta hukunta shirin lalata dukiya matuƙar ba a aikata ba. Sai dai yanzu ka sani, kuma yin shiru ba zai wanke ka ba. Kotunan Japan suna so wanda ya janye ya nuna ya janye, ya kuma kwance abin da ya ƙulla. Don haka ka tura masa saƙo a rubuce, gajere, cewa ba ka ciki kuma ba ka yarda a yi amfani da abin da ka saya ba. Ka karɓo gwangwanayen. In ya hana, ni da zan sa ka je ka sanar da ofishin kula da ɗalibai baƙi na makarantarku ko 'yan sanda, duk da cewa doka ba ta tilasta maka kai rahoto ba, saboda rasidin katinka da kyamarar shago suna nan. Kada ka goge hirarku ko guda. Ita ce shaidarka, kuma gogewa na iya zama hujjar tsare ka bisa zargin ɓatar da shaida.

Idan ya je ya aikata, 'yan sanda suka ƙwanƙwasa maka ƙofa, ka san tsarin da za ka shiga. Ana iya riƙe mutum har kwana 23 kafin a yanke shawarar gurfanar da shi, babu beli a wannan tsakani, kuma lauya ba ya zama a ɗakin tambayoyi. Kana da 'yancin yin shiru. Ka nemi lauyan da ƙungiyar lauyoyi ke turowa, ziyararsa ta farko kyauta ce kuma yana iya zuwa da tafinta. Ka ce a sanar da ofishin jakadancin ƙasarku. Ba za su fitar da kai ba, amma wani zai san inda kake. Takardar bayani da harshen Japan ake rubuta ta, kada ka sa mata hannu sai an fassara maka ita layi-layi kuma ka yarda da abin da ke ciki. Kwanakin nan su ne shari'ar gaskiya, domin da zarar mai gabatar da ƙara ya kai mutum kotu a Japan, fiye da kashi 99 cikin 100 ana samunsu da laifi. Lauyanka zai fi ƙoƙarin ganin ba a kai ka ba tun farko, ta hanyar nuna saƙon janyewarka, ko neman sulhu da biyan diyya idan masu wurin sun amince.

Shi ma abokin naka ka gaya masa tsirarsa rabi ce. Wa'adin shekara 3 da doka ta ba da na gurfanar da mai lalata dukiya yana tsayawa cak muddin mutum yana wajen Japan, saboda haka sammacin zai jira shi a filin jirgi ko bayan shekara 20. Ɗan Koriya ta Kudun da ya dasa abin fashewa a cikin ban-ɗakin Yasukuni a Nuwamba 2015 ya koma ƙasarsu lafiya, ya dawo Tokyo a Disamba aka kama shi, ya samu shekara 4. In dai nuna adawa yake so, sashe na 21 na tsarin mulkin Japan ya kare 'yancin faɗar albarkacin baki, kuma ana yin zanga-zangar adawa da Yasukuni a titunan Tokyo da izinin 'yan sanda. Ya nemi irin waɗannan ya shiga cikinsu, a wajen harabar.