Me ya sa fuskokin da ke tagogin wasu coci-coci a Ingila suka goge?

Tambaya: Na shiga wani coci a Ingila da aka gina a ƙarni na 19. Rigunan mutanen da ke jikin gilashin tagoginsa ja da shuɗi suna nan raɗau, amma fuskoki sun koma fari fat, ba ido ba hanci. Rana ce ta cinye su?

Amsa: Malam, ba laifin rana ba ne. Launin riga da zanen fuska ba hanya ɗaya ake yin su ba.

Launin riga a cikin gilashin yake, tun yana narke aka zuba masa sinadari: kobalt ya ba da shuɗi, jan ƙarfe ya ba da ja. Wannan ba ya kankaruwa. Ido da gashi da ninkin tufafi kuwa zana su ake yi a saman gilashin, da garin tsatsar ƙarfe haɗe da niƙaƙƙen gilashi, a kwaɓa da ruwa da ɗan ƙaro. Sai a gasa a tanderu, zafi ya kai wajen digiri 650, har zanen ya narke ya kama jikin gilashin. Ruwan ɗorawa kuma daga sinadarin azurfa ake samunsa, a bayan gilashin ake shafa shi. Daga nan a jera guntayen cikin sandunan dalma masu rami gefe biyu, a like mahaɗa, a cusa kwaɓin alli da mai don hana yoyo.

A ƙarni na 19, zamanin da aka farfaɗo da ginin Gotik, wato tsohon salon gina coci-coci na Turai, aiki ya yi wa masu sana'ar yawa. Mai zanen gini Pugin da kamfanin Hardman na Birmingham sun fara tagogi a 1845, kamfanin Morris ya buɗe a 1861, ga kamfanin Clayton and Bell, coci-coci kuma sai tashi suke yi. Wajen shekarun 1860 zuwa 1880 aka riƙa sa wani farin sinadari mai suna boraks a cikin garin zanen domin ya narke da sauri. Illarsa ita ce ruwa yana cin sa a hankali. In wuta ma ba ta kai ba, zanen bai kama da kyau ba tun farko. Zanen a ɓangaren ciki yake, inda gumi ke taruwa a gilashi lokacin sanyi, musamman idan ana ɗumama ginin. Shekara da shekaru gumin yana gangarowa yana tafiya da shi. Har wasu tagogin Morris, duk da sunansu, ba su tsira ba.

Abin da ya goge ba ya dawowa, kuma goge tagar da jiƙaƙƙen tsumma ƙarasa ta zai yi. Masu gyara sukan sa sabon gilashi a waje, su matso da tsohon ciki kaɗan, su bar kafa sama da ƙasa don iskar cikin ginin ta zagaya shi, gumi ya koma kan na wajen. Idan ana son fuskar, sai a zana ta a wani siririn gilashi daban a ɗora a bayan na asali, yadda za a iya cire shi duk ranar da aka so.