Ku Tambayi Baba Fasto

Tambaya: Baba, ni mai sayar da atamfa ce a kasuwar Kejetia, Kumasi. Tun ina yarinya nake zuwa coci, ina azumi, ina ba da ushiri. Maƙwabcina a Aboabo kuwa tsohon mashayi ne, bara ya tuba, yanzu an ce ni da shi ɗaya muke a gaban Allah. Wannan adalci ne?

Amsa: 'Yata, ƙorafinki ya girme mu duka. A Matiyu sura 20, Yesu ya ba da misalin mai gonar inabi da ya ɗauki ma'aikata, waɗansu da sassafe, waɗansu gab da faɗuwar rana, ya biya kowa dinari guda. Na safe suka yi gunaguni, alhali ba a rage musu komai ba. Ranki ya sosu ne don kin ɗauki azuminki da ushirinki kamar adashi, kina jiran ranar kwasa. Afisawa 2:8-9 ta ce ceto kyauta ce ta alherin Allah, ba ladan aiki ba. Manzo Bulus ma tsananta wa ikilisiya yake yi kafin a kira shi.

Ki ci gaba da azumin, yana da kyau. Ranar Lahadi kuma ki biya wa maƙwabcin kuɗin trotro, wato motar haya, ku tafi tare, don sabon tuba yakan ji kunyar shiga coci shi kaɗai.