Rigimar tace saƙon sensa

Sani, ka tambaye ni me ya sa kamfanoni a Amurka ke maka juna kotu kan yadda biren bos, wato kwamfutar da ke sarrafa injin mota, ke tace saƙon sensa, alhali kowane mai rewaya a nan Gusau ya san ana tacewa.

Ɗauki sensan nokin da ke ɗaure a jikin injin, wato na'urar da ke jin ƙarar da ke tashi in mai ya kama da wuta ba bisa ƙa'ida ba a cikin silinda. Shi ba ya zaɓe. Ƙarar bawul, ƙarar injekta, duk kwasowa yake ya miƙa. Ƙarar nokin kuwa siririya ce, takan faɗa tsakanin kilohaz 5 zuwa 15 a ma'aunin sirantakar sauti, gwargwadon faɗin silinda. Sai biren bos ta tankaɗe saƙon kamar gari a rariya, kuma ba ta kasa kunne sai a ɗan lokacin nan bayan filogi ya ba da wuta. In ta ji nokin, ta ja taimin baya, wato ta jinkirta ba da wutar filogi, kafin fistin ya ci wuya.

To wanda ya ce shi ya ƙirƙiro wata hanyar yin haka yakan nemi takardar mallakar fasaha, wadda ke hana kowa kwaikwayonsa har shekara 20. Abokin hamayya sai ya ce ai ba sabon abu ba ne, duk ma'aikacin da ya san aikinsa zai iya hango shi. A 2007 Kotun Ƙolin Amurka ta raba irin wannan gardama tsakanin kamfanonin KSR da Teleflex, kan fedar totur da ake iya matsarwa gaba ko baya, wadda aka liƙa wa sensa. Ta ce haɗa sanannun abubuwa biyu, kowanne yana aikin da aka san shi da shi, yawanci bai isa a ba mutum takarda ba. Dokar mallakar fasaha ta Najeriya ta 1970 ma tana neman a ga ƙirƙira ta gaske.

Na yarda da kotun, amma ina tausaya wa injiniya. Bayan an nuna maka abu, sai ka ga kamar wasa ne. Wanda ya fara gano cewa a daidaita sauraron da juyawar kiranshaf, wato sandar da fistin ke juyawa, ya sha wuya kafin ya kai nan, shi ya sa alƙali ke duba abin da aka sani kafin ranar neman takardar kaɗai.

Kai dai, ɗana, in za ka ɗaura sensan, kada ka ƙulle bol ɗinsa fiye da ƙima, kuma ka nisanta wayarsa da wayoyin filogi. In saƙo ya gurɓace tun daga can, tacewar biren bos ba za ta gyara shi ba.