Anti, wane irin kayan ninkaya ne zai dace da jikina bayan haihuwa uku?

Tambaya:

Assalamu alaikum Anti, sannu da ƙoƙari. Dan Allah shawara nake nema. Likita ne yace in dinga shiga ruwa saboda ciwon gwiwa da na baya da suka matsa min, kuma Allah ya taimaka akwai wurin ninkaya kusa da mu nan Abuja da suke ware wa mata zalla safiyar Asabar, maigida ma ya amince. Matsalata kayan da zan sa ne. Haihuwata uku, ta ƙarshen aiki aka min, ina da tumbi, sannan ƙuguna da cinyoyina sun fi samana girma sosai. Na yi odar wasu ta intanet wandon ya ƙi wuce cinya, da na canjo babba wandon ya shiga rigar kuma ta zama buhu. Ƙanwata da ƙawata zasu dinga raka ni, ƙanwar siririya ce doguwa, ƙawar kuma ƙirji gare ta sosai da faɗin kafaɗa amma ƙafafunta sirara. Ya zamu yi mu samu wanda zai suturta mu kuma ya mana kyau?

Amsa:

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ƙara sauƙi ya raya zuri'a. Na ji daɗin shawarar likitan nan wallahi, dan ruwa ɗauke nauyin jiki yake daga kan gwiwa, in kika tsaya ya kai miki wuya abin da ƙafafunki suke ɗauka bai fi kashi 10 cikin ɗari na nauyinki ba. Saboda haka kar maganar kaya ta hana ki zuwa.

Kafin mu zo kan sura bari in fara da kuskuren da kusan duk matanmu suke yi, dan shekarun da na yi ina ɗinki da sayar da kayan mata na gan shi ya fi a ƙirga. Mu a kan tudu in ana son sutura sai a ƙara yadi, a buɗa riga, a saki hijabi har ƙasa, magana ta ƙare. To a cikin ruwa abin juyewa yake. Kina shiga yadin nan mai yawa zai taso sama ya buɗe kamar lema ya bar ki a waje, in kin fito kuma ya lafe a jiki ya zana duk abin da kike son rufewa. Akwai wata kwastomata da ta fara zuwa da doguwar riga ta auduga da hijabinta na sallah, tana sunkuyawa hijabin ya naɗe mata fuska, da ba dan wurin da take tsaye babu zurfi ba da labarin ya sha bamban, har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. Shi yasa nake cewa kayan ninkaya a jiƙe ake musu hukunci, ba a gaban madubi suna bushe ba.

Yadin shi ne kan gaba. Auduga kam ki manta da ita, ruwa take sha ta yi nauyi ta saki, ko legins ne in na auduga ne ba naki bane. Ki juya cikin kayan ki karanta ɗan ƙyallen nan da ake liƙawa. Yawanci zaki ga nailan wajen kashi 80 da elastane wajen kashi 20, shi elastane ɗin nan shi ne spandex shi ne kuma Lycra, abu ɗaya ne suna uku, shi ke sa yadi ya miƙe ya koma. Mai nailan ya fi laushi da sheƙi, amma tunda ku kowane sati zaku shiga kuma ruwan wurin ninkaya da kilorin ake tsaftace shi, shi kuma kilorin cin elastane yake a hankali har kaya su saki su fara shara shara, na fi so ki nemi mai foliyesta, in kika ga an rubuta PBT, wani nau'in foliyesta ne, ma ya fi, bai kai wancan taushi ba amma yana jimiri sosai.

Abin da zaki nema da sunansa shi ne burkini. Wata 'yar asalin Labanan da ta girma a Ostireliya, Aheda Zanetti, ita ta fito da shi a 2004, riga mai dogon hannu da wando da hula, duk da yadin ninkaya, har a 2007 'yan mata Musulmi masu aikin ceto a bakin tekun can suka sa nasu ja da ruwan ɗorawa. Yanzu kam manyan kamfanoni irin su Nike da Speedo da Decathlon duk suna yi, ga na Turkiyya birjik. Ɗan tsokaci ga masu tafiye tafiye, a Faransa an sha rigima a kansa, a 2016 wasu garuruwan bakin teku suka hana sawa kafin babbar kotun harkokin mulki ta dakatar da hanin, amma a wuraren ninkaya na gwamnati da yawa a can har yanzu ba a bari, dan haka a dinga tambaya kafin a je.

To mu dawo kanki. Abin da ya same ki da odar nan ba laifin jikinki bane, set aka sayar miki mai lamba ɗaya sama da ƙasa, ke kuma samanki da ƙasanki lambarsu daban, kuma haka mata da yawa suke. Ki samu tef ki auna wuri uku, ƙirji ta inda ya fi cika, ciki ta kan cibiya, sai ƙugu ta inda mazaunai suka fi faɗi, ki rubuta da inci da santimita duka. Kar ki yarda da L ko XL ɗin nan, XL na Chana daban na Turkiyya daban na Ingila daban, awonki zaki ɗora kan jadawalin mai kayan. Sannan ki nemi inda ake sayar da riga daban wando daban, ko da lamba biyu ce tsakaninsu ba komai. In kuma dole set ne, ki sayi daidai ƙugunki ki kai wa tela ya rage rigar ta kafaɗa da gefe, dan ragewa ana yi, ƙari ne ba a yi.

Rigarki ta zauna daidai a kafaɗa da ƙirji, daga ƙasan ƙirji ta fara buɗewa kaɗan kaɗan kamar harafin A. Wannan yankan shi ne maganin tumbi da ƙugu a lokaci ɗaya, yana wucewa ta kansu ba tare da ya kama ba kuma bai da tarin yadi. Tsayin yana da muhimmanci sosai, kar bakin rigar ya tsaya daidai inda ƙugunki ya fi faɗi dan ido nan zai tsaya, ta sauka ta wuce tsakiyar cinya zuwa saman gwiwa, amma kar ta wuce gwiwa sai ta harɗe ki wajen buga ƙafa. Kuma dan Allah ki duba cikin rigar ta gefe, mai kyau tana da 'yan igiyoyi ko botin da ake ɗaure ta da wando, su ne suke hana ta tashi a ruwa. In babu ki sa a ɗinka miki, aikin minti goma ne. Ni duk burkinin da ba shi da wannan ban ɗauke shi kammalalle ba komai tsadarsa.

Wandon kuma mai hawa sama ne naki, ya rufe cibiya, da faffaɗar roba kamar faɗin yatsu huɗu, ga zariya a ciki. Siririyar roba naɗewa take ta koma ƙasan tumbi, nan ne kuma daidai inda ɗinkin aikinki yake, jiƙaƙƙiyar roba tana gugar tabo ba daɗi. Ƙafar wandon ta sauka a miƙe, ba matsattse kamar fata ba ba kuma buje ba. Akwai rigunan da ake sa wa shafi mai ɗan ƙarfi kamar raga ta gaba yana riƙe ciki, akwai kuma masu 'yar tattara a kan ciki, duk suna taimakawa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne sayen ƙaramar lamba wai dan ta matse tumbi, ko a ɗaura bel ɗin matse ciki a ƙasa. Numfashi kike buƙata a ruwa ƙanwata, ki bar cikinki ya sake. Wajen launi ki sa mai duhu a ƙasa, ruwan bula mai duhu ko baƙi ko ruwan ƙasa, ado da haske su koma kafaɗa da hannu, sai sama da ƙasa su daidaita.

Ƙawarki ita akasinki ce. Abin da zata fara nema ba ado bane, riƙo ne. Rigar ta zo da rigar mama a ɗinke ta ciki, mai faɗin hannu da roba mai ƙarfi a ƙasan ƙirji, in babu ta sayi ta ninkaya daban da lambar da ta saba sawa. Kar ta shiga da bireziyar gida, soson yana riƙe ruwa ya yi ta zuba bayan ta fito, kuma nan da nan zata lalace. Mai igiyar da ake ɗaurewa a bayan wuya ma ta bar wa masu ƙaramin ƙirji, duk nauyin a wuya zai sauka. Samanta ya zama launi ɗaya mai duhu babu fulawoyi babu layin kwance, hannun rigar in an samu wanda ɗinkinsa ya taso daga hammata ya nufi wuya ya fi, yana rage faɗin kafaɗa a ido. Adon ya sauka ƙasa, bakin riga mai ɗan buɗewa ko wando mai zane. In akwai zif a gaba ta tabbata mai kulle kansa ne kuma da ƙyalle a bayansa.

Ƙanwarki kusan komai zai karɓe ta, fulawoyi manya, layin kwance, launi biyu da aka raba a ƙugu, duk nata ne. Tsayi ne kawai zai ba ta wahala, hannu ya tsaya a damtse wando ya ɗage ya bar ƙwauri, kar ta ce zata sayi babbar lamba dan ta samu tsayi, buhun nan naki zata maimaita. Ta auna daga kafaɗa zuwa wuyan hannu da daga ƙugu zuwa idon sawu ta tura wa mai kayan. Gajeru kuma, tunda nasan suna karantawa, launi ɗaya daga sama har ƙasa da riga da ta tsaya tsakiyar cinya.

Fari da duk launi mai haske irin ruwan hoda da ruwan madara suna jiƙewa suke nuna jiki, in ba da shafi mai kauri ba a bar su. Amma hula ko hannun riga ya zama mai ɗaukar ido, ruwan lemo ko ruwan ɗorawa mai haske, saboda shuɗi da toka ɓacewa suke a cikin ruwa, ku kuma sababbin shiga ne ya kamata mai gadin ruwa ya dinga hango ku. In wurin a fili yake ku duba alamar UPF 50, tana tare kashi 98 cikin ɗari na hasken rana mai ƙona fata.

A kai kuma banda fil banda allura banda ɗankwali mai jela. Hular da ta zo da kayan mai rufe wuya ta zauna cas, a ƙasanta ki sa hular silikon. Masu yawan gashi ko manyan kitso akwai wadda aka yi dan mu, Soul Cap, hukumar ninkaya ta duniya ta ƙi amincewa da ita a gasa a 2021 ta dawo ta amince a 2022. Ki jiƙa gashinki da ruwan famfo kafin ki shiga, wanda ya riga ya sha ruwa mai kyau ba ya shan mai kilorin sosai.

In tela zaki kai wa, ki tambaye shi ko ya iya ɗinkin yadi mai roba, dan miƙaƙƙen ɗinki irin na atamfa kina miƙa hannu zai tsinke. Zigzag ake yi ko a keken wibin, da zaren foliyesta.

Duk wanda kika samu ki gwada shi a gida tukuna. Ki ɗaga hannu biyu sama, ki tsuguna, ki yi ruku'u, ki ga ko riga ta ɗage ko wando ya zame. In kin tabbata ba mayarwa zaki yi ba ki shiga banɗaki ki sheƙa ruwa a jiki da kayan, ki fito inda haske yake ki sa ƙanwarki ta duba ki gaba da baya ta faɗa miki gaskiya. A bushe ya ɗan kama ki kaɗan, dan a ruwa sakewa yake.

Bayan kowace shiga ki ɗauraye da ruwan sanyi nan take, kar ya kwana a leda a jiƙe, banda bilic banda ruwan zafi banda guga, kar ki murɗe, ki naɗe a tawul ki danna sannan ki shimfiɗa a inuwa. Ki tafi da babban tawul ko doguwar rigar tawul ki ajiye bakin ruwa dan yafawa in kin fito. Sannan baki faɗa min yaushe aka miki aikin ba, in bai daɗe ba ki koma wajen likitan ya duba ɗinkin ya tabbatar ya warke kafin Asabar ɗin farko.