Hukuncin zuba gamalin a ruwa don kama kifi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, ni masunci ne a yankin Nguru. Da bazara in ruwa ya ja baya wasu 'yan uwanmu sai su zuba gamalin ko maganin feshin gona a kududdufi, kifi ya taso su kwashe. In ka yi magana su ce ai mushen ruwa halal ne. Dan Allah ya abin yake?

Amsa: Wa alaikumus salam. Hadisin da suke kafa hujja da shi ya inganta, Annabi (SAW) ya ce teku ruwansa mai tsarki ne, mushensa halal ne. Amma fa maganar cin kifin da ya mutu ake, ba wai an ba mutum lasisin sa wa ruwa guba ba.

Kai ka fi ni sanin ruwa ɗan uwa. Afrilu zuwa Mayu ruwan fadama ya ragu ya yi ɗumi, kuma ruwa in ya ɗau zafi iskar da kifi ke shaƙa a cikinsa raguwa take, shi ya sa da asuba za ka ga 'ya'yan karfasa sun taru a sama suna ta buɗe baki. Toh kifin da ke cikin wannan halin kuma a zo a zuba masa guba a ɗan ruwan da ba ya gudu balle ya wanke ta, ai ba wanda za a kwasa kaɗai ke mutuwa ba, ƙananan kawara da 'ya'yan karfasa har da ƙwai duk tafiya suke, kuma su ne kifin baɗi. Allah ya zargi mai halaka shuka da zuriya a Baƙara aya ta 205. Annabi ya hana fitsari a ruwan da ba ya gudu, fitsari fa, ina ga gamalin da tun 2009 ƙasashen duniya suka amince a daina amfani da shi ko a gona?

Don haka haramun ne, "la darara wa la dirar", wato babu cuta babu cutarwa. Ruwan nan ba na masunta ba ne su kaɗai, shanun Fulani na sha, mata na ɗiba. Zafin rana ba a hannunku yake ba, amma kwalbar magani a hannunku take.

Wanda ya san kifin na guba ne kar ya ci, ba don mushe ba, don cutarwa. Wanda kuma ya banda shi ya kai kasuwa bai faɗa ba ya yi algus. Ku yi musu nasiha, in sun ƙi ku kai maganar gaban sarkin ruwa.

Wallahu a'alam.